Tsakuwa a Kan Kabarin Liman

A ƙofar maƙabartar Musulmi ta Paramaribo, Wagimin mai gadi ya tare wata tsohuwa daga ayarin Yahudawan da suka zo ziyarar zumunci. Bokitinsa cike yake da tsakuwa.

"Baiwar Allah, tun safe nake kwashe abin da kuke zubarwa. Kabarin limaminmu kuka mayar juji?"

"Juji kuma, Malam? Mu da tsakuwa muke gaida mamaci. Fure bushewa yake yi."

"Kin san shi ne?"

"Ko kaɗan. Amma shi ya yi jinyar mahaifina. Kafin mahaifina ya rasu ya ce in ajiye wa limamin guda."

Wagimin ya leƙa bokitin. "Wacce ce taki?"

"Ina zan gane?"

"To matsa, in mayar da su duka."