Jinjirin Watan Malam Gide

A tashar Ƙanƙara, motar Katsina ta ƙi cika. Malam Gide na Mabai, wanda yanar ido ta rufe wa gani shekara uku, ya ji matar da ke gefensa tana karanta rubutun wata mota can nesa.

"Hajiya, idonki garau."

"Aiki aka yi mani, Malam. An cire yanar, aka dasa ɗan gilashi a ciki, irin mai kai gani nesa da tsaka-tsaki."

"Ni ma gobe za a yi mani. Mi kike gani?"

"Daga ƙofarmu a Tafoki ina hango duwatsu, ina ganin tuwon gabana. Zura zare a allura ne sai da tabarau. Fitila kuma zobe ke kewaye ta, kamar ta yi ado."

"Jinjirin wata fa? Shekara ashirin ni ke fara ganinshi a garinmu. In ɗaga hannu, kowa ya bi yatsana. Yanzu sai a ce mani ga shi can, in ce na gani."

"Kana ganin nashi?"

"Ina dai tuna inda yake tsayawa."

Ta jima tana kallon sama. "Na ga na Rajab, siriri kamar yankan farce. Ban gaya wa kowa ba, ban ɗauka abin faɗa ba ne."

"Abin faɗa ne, Hajiya," in ji shi a hankali. "Ta wane gefe ya karkata?"