Kwalabe Arba'in da Bakwai na Baba Mai Iri

Ranka ya daɗe mai gari, liman, malamin gona, Inna uwargidan marigayi, 'ya'ya da jikoki, jama'a, assalamu alaikum.

Ƙungiyar manoma ce ta ce in yi magana. Ban so ba, don ina cikin waɗanda suka yi wa Baba Mai Iri dariya.

Ya kasance mai adana iri a kwalabe, da toka a ciki saboda ƙwari. Bai iya rubutu ba, sai ya ɗaura wa kowace kwalba tsumma: ja na waken da ke nuna da wuri, shuɗi na dawar da ba ta jin fari. Ya kasance kowace damina sai ya shuka layi ɗaya na kowane iri, don kada ya mutu a kwalba.

Shekarar da kamfani ya kawo iri a leda, muka yi rububi. An samu amfani, ba ƙarya. Na ce, "Baba, zubar da tarkacen nan mana." Ya ce, "Ajiye nasu ka shuka baɗi, ka zo ka ba ni labari." Na shuka, bai yi abin kirki ba. Kunya ta hana ni kai labarin. Tun daga nan kowace shekara muna layin sayen iri a shago, abincin kuma ciki ya cika, baki bai san an ci ba. Wallahi mun gaji.

Babban ɗansa, ɗago kanka. Ka gyara ɗakin mahaifinka saboda masu gaisuwa, ka ga tsummoki masu datti, ka kwance ka ƙone. Laifinmu ne. Shekara talatin, ba wanda ya zauna ya tambaye shi.

Yanzu ga kwalabe arba'in da bakwai, ba mu san wace ce wace ba. Malamin gona ya ce wasu ba za su iya jiran wata daminar ba. Don haka kowa ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ba ta layi a gonarsa. In sun nuna, mu kawo wa Inna. Ita ce ta saba dafa su duka, bakinta kaɗai ya san su.

Na roƙe ta jiya ta ɗanɗana mana, ta gaya mana wane ne wane. Ta ce, "To. Amma ku yi sauri, ni ma kwanakina sun ja."

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya bar mana Inna har kaka.