Garwashin Gidan Tekna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza, ƴar Damagaram, aure ya kawo ni Arlit.

Kowace safiya nakan ɗauki kasko in je ɗiban wuta gidan maƙwabciyata Tekna, ƴar Dannet. Ba ta barina in fito sai na sha shayi. Rannan maigidana ya kawo mini risho na gaz, da an danna buto sai wuta ta kama, ba ashana ba hayaƙi. Duk da haka ban fasa zuwa ba. Ya ce, "Ga gaz a ɗaki, kina yawon roƙon wuta?" Na ce ya bar ni, shi bai san zafin baƙunta ba. Tekna kuwa takan zuba mini garwashi tana dariya: "Mai buto, ke ma?"

Sai kamfanin haƙar ma'adinai na garin nan ya rage ma'aikata har da mijinta, ga tawaye ya hana su sakat. Suka tashi, ban san inda suka nufa ba.

Malam, rishon nan bai taɓa ƙin kamawa ba, amma bai taɓa tambayata yaya na kwana ba. Don Allah masu sauraro, wanda ya san inda take ya sanar da ni. Tekna, in kina jina, kaskon yana nan, ban yar ba.