Abin Da Aka Gani A Tebur Na Bakwai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, wanda ya ba ni minti biyar alhali ya san ba za su ishe ni ba. Mai girma Shugaban Kwaleji. Magatakarda, mai riƙe da biron da kowa ke tsoro. Shugaban Sashen Bayoloji. Malamanmu daktoci, da waɗanda ke kan hanyar zama daktoci yau shekara goma ke nan. Iyaye da kuka bar ayyukanku kuka zo. Da ku ɗalibai, malaman gobe, waɗanda yau za a damƙa wa takardar fita koyon koyarwa: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar girma da mutuntawa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Ni ke wanke kwalabe, ni ke kamo kwaɗi, ni ke shan faɗa idan abu ya fashe. Ɗalibai suna kirana Baba Kwalba a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Shekarata talatin da ɗaya a ɗakin nan, saura wata biyu in yi ritaya. Na gode wa hukuma da ta tuna da ni, na gode kuma da wannan allon yabo da na hango a kan tebur, an rubuta masa "Don ƙwazo da gaskiya". Amma a dakata da shi tukuna sai na gama magana, don mai yiwuwa a fasa.

Maganata ta farko a kan hannu take. 'Ya'yana, bayoloji ba karatun baki ba ne. Akwai wani a cikinku, ƙato ne, ƙofa ma sai ya sunkuya yake shiga. Zai lissafo maka kayan cikin kwaɗo tun daga harshe har ƙarshen hanji, bai yi tuntuɓe ba. Ran da na ajiye masa kwaɗon a faranti, kafin in juya yana saman kujera, yana cewa, "Baba, don Allah ba za a iya yi da hotonsa ba?" Ba zan nuna shi ba, ga shi can ya sunkuyar da kai. To ku sani, yaran da za ku tarar ba sa tsoron kwaɗo, ba sa tsoron ƙadangare, kuma da sun gane malami yana tsoro, a aljihunsa zai riƙa tsintar su har ƙarshen zango. Ku taɓa, ku yanka, ku auna, ku ɓata, ku sake. Ku wanke kayan aiki da kanku, don inda za ku je babu Baba Kwalba.

Magana ta biyu a kan ido take, kuma ita ta kawo ni nan.

Makonni uku da suka wuce kun yi jarrabawar aiki da hannu. Tebur goma aka jera, kowane ɗalibi ya tsaya minti biyar a kowanne, a kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba. A tebur na bakwai akwai madubin ƙara girma, da takarda mai cewa: "Wannan fatar albasa ce. Duba, ka zana abin da ka gani." Ni na shirya teburin. Na ɓare fatar da hantsaki, na ɗiga ruwa a ɗan gilashi, na rufe, na sa a ƙarƙashin madubi. A daidai lokacin aka ƙwala mini kira wai makullin sito ya ɓata, na fita ban leƙa ba.

Ku arba'in da biyu ne. Arba'in da ɗaya kuka zana fatar albasa, kuma kai, zanen ya yi kyau! Ƙwayoyin halitta a jere reras kamar bulon gini, kowace da ɗigonta a tsakiya, ga kibiyoyi, ga sunaye. Wata har inuwa ta yi wa nata. Wani ya rubuta a ƙasa cewa ya lura ɗigon yana ɗan motsi.

Bayan an watse, ina tattara kaya, sai na ɗauki hantsakina. Ga fatar albasa nan manne a bakinsa, ta bushe ƙamas. Na leƙa madubi: ruwa ne tsura, sai kumfa guda ɗaya tana zaune abinta.

Jama'a, mutum arba'in da ɗaya suka ga albasar da ba a saka ba! Shafi na goma sha tara na littafinsu suka gani, don a ka yake, ba a madubi ba. Iyaye, kada ku harare su. Daktan da ya tsare jarrabawar ma ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Ga ta nan ɓaro-ɓaro." Ba zan faɗi ko wane ne ba, ku bar shi ya gama goge tabaransa.

Mutum ɗaya ce ta ɗaga hannu, wata ɗaliba mai zama a layin baya, wadda ba a cika jin muryarta ba. Ta ce, "Baba, ba komai a nan." Na ce mata, "Ki gyara idonki." Ta sake juya madubin, ta sake kira, shi ne Dakta ya leƙa ya faɗi abin da ya faɗa, aji ya kwashe da dariya. Da irinku ce, da ta runtse ido ta zano bulo, don ta fi ku haddace shafin. Sai ta zana da'ira ɗaya, ta rubuta: "Ruwa na gani da kumfa." Aka ba ta sifili a tambayar mai maki goma, ta faɗi jarrabawar da maki uku. Shi ya sa babu sunanta a jerin da za a karanta yau, an ce sai ta maimaita shekara. Ku kuma kuka laƙa mata suna, Ban-gani-ba, kuna kiranta da shi har a bakin ƙofar kwaleji.

Ni fa? Ni da na sani tun ranar, na ja bakina na tsuke. Na ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa karɓar takardar tuhuma ba, sai yanzu da ya rage wata biyu? Na ce ai yarinya ce, shekara ɗaya ba za ta kashe ta ba. Haka na riƙa lallashin kaina ina wanke kwalabe.

Jiya ta zo ɗakin gwaje-gwaje ta miƙo mini farar rigar aiki, a wanke, a goge, a ninke. Ta ce, "Baba, ga rigarku, ba zan dawo ba. Har asibitin ido na je, sun ce lafiyata lau. To in idon lafiya yake, kan ne ke nan ba ya ja. Bai kamata irina ta koyar da 'ya'yan mutane ba." Wallahi kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Mutum ɗaya tak muka samu da ta yi kimiyya a ranar nan, mun taru mun koya mata ta daina yarda da idonta. Na roƙe ta ta zo taron nan ko daga bakin ƙofa ne, ban gaya mata dalili ba.

Saboda haka maganata ta uku roƙo ce. Ban ce a kayar da arba'in da ɗayan nan ba. Mu muka koya musu cewa amsa tana littafi, mu muka saba ba da maki ga zane mai kyau, mu muka saba harara ga mai cewa bai gani ba. Ku dai ku tafi da wannan: duk ranar da yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba komai a nan," ku taka ku je ku leƙa, ku leƙa da gaske, kafin ku buɗe baki.

Ranka ya daɗe Shugaban Kwaleji, ga takarda na rubuta, na sa hannu, na faɗi duk yadda aka yi. Laifin nawa ne. In tuhuma ce a ba ni, in allon yabo ne a mayar da shi sito, na san inda makullin yake yanzu. Amma a ba yarinyar nan makinta goma, a sa sunanta a jerin yau, ba gobe ba, don gobe kwamiti za a kafa, kuma duk mun san kwamiti.

Ranka ya daɗe, na ga kana gyaɗa kai. Gyaɗa kai ba ya shiga fayil. Magatakarda, ara masa biron nan.

To, alhamdulillahi, ya sa hannu. Iyaye, kun dai gani da idonku, kuma wannan karon akwai abin gani.

'Yata, shigo daga bakin ƙofar nan. Ku matsa mata, ku ba ta kujera a gaba. Gaskiya kika faɗa, ni na ƙaryata ki a gaban aji, yau kuma na janye a gaban iyayen kowa. Ki yafe mini. Rigarki tana nan inda kika ajiye ta, ki biya ki ɗauka.

Allah ya yi wa wannan taro albarka. Allah ya ba malaman nan namu hannu mai aiki da harshen da ba ya jin nauyin cewa "ban gani ba". Allah ya saka wa iyaye da alheri, ya ba shugabanninmu haƙuri da tsofaffi masu dogon baki, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaban taro, na san na ci minti biyar ɗinka har da na wasu. Na gode.