Ci da Meyo

A bencin ofishin kwamitin unguwa da ke Dengfeng, cikin watan azumi, Faruƙ ɗan Kano ya tarar da wani dattijo Bamarade, Maidaji. Faruƙ bai gama sallama ba ya fara zuba.

"Alhaji, ƙara na kawo. Wata tsohuwa 'yar kwamiti mai jan ƙyalle a damtse ta takura mini. Kullum da rana sai ta buga ƙofata, ta rataye mini abinci. Bincikena take yi, ko korata suke so?"

"Me take ce maka?"

"Wani yare nata, ci-fan ci-fan."

"Kai kuma ka ce me?"

"Meyo. Ita kaɗai na iya a kasuwa."

Maidaji ya dafe kai. "Ɗana, ci ɗinsu ci ɗinmu ne. Tambayarka take ko ka ci abinci, kai kuma kullum kana ce mata babu."

Faruƙ ya yi sororo. "To ai ko taɓawa ba na yi. Wa ya sani ko alade ne?"

"Bara ni ma ta yi mini. Har bakin Masallacin Huaisheng take zuwa saye wajen Musulmi, da ƙafar nan tata mai ciwo."

Aka leƙo daga ofis aka yafito Faruƙ. Bai tashi ba.

"Alhaji," ya ce a hankali, "yaya ake cewa na gode?"