Shaida Muke Rubutawa, Ba Bara Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Mai Martaba, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu na addini, sakatarorin ilimi na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, 'yan uwana masu riƙe da alli, iyaye maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka bar gonakinku da garkenku, wasu ma suka bar cinikin kan iyaka, kuka zo. Yau ranar farin ciki ce, kuma ba zan ɓoye nawa ba.

Magana ta farko. Duk ɗalibin da zai nemi kwalejin nan da yaranmu ke shiga, sai malaminsa ya rubuta masa takardar shaida. In yaro lafiyayye ne, alƙalami gudu yake. Amma in makaho ne, ko gurgu, ko kurma, sai a ga malam yana susar ƙeya. Wani ya cika takarda da "a taimaka masa don Allah", kamar an aike shi bara. Wani kuma ya ja bakinsa ya yi gum a kan lalurar, wai rufin asiri. Na farko ya zubar wa yaro da daraja, na biyu ya tura shi rami ido rufe.

Magana ta biyu labari ce. Ummulkhair 'yar wata ruga ce a ƙasar Sule Tankarkar. Zazzaɓi ya tafi da jinta tana ƙarama, amma a lissafi babu wanda ya taɓa shan gabanta a makarantarmu. Da ta gama, mahaifinta Baffa Cindo ya tako har wurin malamarta, Malama Ni'imatu. Kun san kunyar mutanenmu a kan 'yar fari: sunanta ma bai iya kamawa ba. Ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar ruwa da amfanin gona, kafin ya roƙi a rubuta komai amma ban da batun kunne. Tsoronsa kada a ga kalmar "kurma" a ture takardar gefe, yarinya ta koma tatsar nono har abada.

Malama ta nuna masa cewa akwai ganawa da baki kafin a ɗauki kowa. Za a kira sunanta ba ta waiwaya ba, a yi mata tambaya ta yi shiru, a ce girman kai ne ko daƙiƙanci. Ta ce, "Baffa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi abin da ta rasa a layi ɗaya, in faɗi abin da take da shi a shafi guda."

Ya ce, "Malama, ke kika san takarda. Amma in suka ƙi ta, ni ban san da wane ido zan kalle ta ba."

Da wannan nauyi a wuyanta ta zauna ta rubuta. Ta ce Ummulkhair ba ta ji, a zaunar da ita gaba, a fuskance ta in ana magana, a ba ta tambaya a rubuce. Sannan ta faɗi yadda yarinyar ke tara ƙananan kurame na rugagen makwabta a gindin bishiya, tana koya musu ƙirga da maganar hannu, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Ba roƙo a ciki, ba kuma ƙari.

Ranar ganawa, iyayena, ta shiga ta tarar an rubuta tambayoyin a allo ana jiran ta. Ta ɗauki alli ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗauke ta, ta yi karatu, ta gama, kuma ga ta can zaune a jerin malamai, an turo ta makarantar da ta yaye ta.

Magana ta uku gajeriya ce, kuma taku ce, malamai. Bana ɗalibanmu masu buƙata ta musamman sun samu gurbi fiye da kowace shekara, domin mun koyi rubuta gaskiya. Ku san yaro kafin ku yi masa shaida, ku faɗi buƙatarsa ba kunya, ku faɗi baiwarsa ba rowa.

Yanzu ina roƙon Malama Ummulkhair ta miƙe, Baffa Cindo ma ya daure ya miƙe. Na ga wasu sun shirya tafi. Ku dakata, tafinku ba zai kai mata ba. Ku ɗaga hannuwanku sama ku girgiza, kowa da kowa, har iyayenmu masu rawani, domin yau ta gani da idonta abin da ƙasar Gumel take cewa.

Allah Ya albarkaci 'ya'yanmu, masu ji da marasa ji, masu gani da marasa gani. Allah Ya sa alƙalumanmu su yi mana shaida ranar gobe. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.