Babbar Kyamara a Layin Awo

A layin awon kaya na filin jirgi, wata budurwa ta durƙusa tana zazzage jakarta, wani dattijo a bayanta yana leƙe.

"'Yata, duk wannan tarkacen na hoto ne?"

"Kyamara biyu ce, Baba, ƙarama da babba. An ce jakar ta yi nauyi, sai na bar ɗaya."

"Bikin wa za ki ɗauko?"

"Ba biki ba ne. Tituna nake ɗauka, da ƙofofi. In sa a intanet, mai so ya saya."

"Ƙofar wa?"

"Ta kowa."

"Ikon Allah! Mutum ya sayi hoton ƙofar da ba tasa ba? To, bar babbar mana, kafaɗarki ta huta."

"Haka mai shago ya ce, wai ƙarama ta ishi mace. Duwatsun da na hau da ita, kafaɗar nan ba ta taɓa kai ƙarata ba."

Ta rataya babbar a wuya, ta ɗora jakar a sikeli. Ma'aikacin ya yi mata hannu ta wuce.

Dattijon ya riƙe baki. "To, nauyin ina ya tafi?"

"Yana nan, Baba. Wuya dai ba a ɗora shi a sikeli."